Jakar goyo da fartanya: Kafin ka yi mafarkin gonar Turai, leƙa Maraɗi

Idan kana yawan shiga TikTok ko Instagram, da wuya a ce ba ka taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba. Matashi ko matashiya, yawanci Bature, ɗan shekara ashirin da 'yan kai, ya goya wata ƙatuwar jaka a baya, ya sauka a wani ƙauye a Fotugal ko Italiya. Sai a nuno shi yana tsinkar tumatir da sanyin safiya, yana tatsar akuya, yana kwashe kashin kaji yana washe baki kamar an yi masa albishir. A ƙasa kuma ya rubuta cewa wata uku ke nan yana yawo bai biya kuɗin ɗaki ko na abinci ba.

Kai kuma kana zaune a Isa ko Sabon Birni, data na ƙarewa, caji na kuka, zuciyarka na tambayarka: to ni me ya hana ni?

Tambayar tana da kyau, kuma tana da amsa. Bari mu fara da abin da kake gani a bidiyon.

Tsarin da ya fi shahara sunansa WWOOF. Wata sakatariya ce a Landan, Sue Coppard, ta fara shi a 1971, saboda tana son ta riƙa fita daga hayaniyar birni a ƙarshen mako ta je ƙauye ta taɓa ƙasa. Yau tsarin ya bazu a ƙasashe sama da 100. Yadda yake aiki ba wuya: ka biya kuɗin rajista na shekara, ka nemi mai gonar da ke noman oganik, wato noman da ba a sa masa takin zamani ko maganin feshi, ku daidaita. Kai za ka yi masa aiki na awa huɗu zuwa shida a rana, shi kuma ya ba ka wurin kwana da abinci, ya koya maka abin da ya sani. Babu albashi, ko sisi. Su suna kiran wannan aikin sa kai. (A yankinmu dai ka yi hattara da wannan kalma. Ka ce wa mahaifiyarka za ka shiga aikin sa kai, ba fartanya za ta faɗo mata a rai ba, sai ta fara salati.)

Abin da bidiyon ba ya nuna maka shi ne ɗan littafin da ke cikin aljihun jakar. Bajamushe na iya shiga jirgin ƙasa ya sauka a Sifaniya ya kama aiki a gona ba wanda zai tambaye shi takarda. Ɗan Faransa na iya neman wata biza ta musamman da Ostareliya ke ba matasa, ya yi hutu ya yi aiki, in ya yi kwana 88 a gona a ƙara masa shekara. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake ba wannan biza. Kai fasfo kaɗai, mai shafi 32, ya kai naira 100,000 daga Satumban 2025. Bizar Shengen ta shiga Turai kuɗinta Yuro 90, ba a mayarwa in an hana ka, kuma a 'yan shekarun nan sama da kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya masu nema hana su ake yi. Ko an ba ka ma, bizar yawon buɗe ido ce, alhali ƙasashe da yawa suna ɗaukar aiki a gona don abinci da makwanci a matsayin aiki cikakke, mai buƙatar izini na daban. WWOOF ba ta nema wa kowa biza, ba ta ba kowa tikitin jirgi.

Ka riƙe wannan jimla ta ƙarshe da kyau, don a nan ake cin mutane. Duk wanda ya turo maka saƙo a WhatsApp cewa akwai gona a Kanada ko Holan tana neman matasa, ka turo kuɗin fom za a yi maka biza, to kai ne gonar, kai za a girbe. Mafi muni kuma shi ne mai cewa babu buƙatar biza, a bi ta Agadas kawai. Waɗanda Aljeriya ke kwasowa tana zubarwa a bakin iyaka, su taka kusan kilomita 15 cikin rairayi kafin su kai Asamaka, da yawansu da irin wannan daɗin baki aka fitar da su daga gida.

Kakanka ya riga Bature

Yanzu ka ajiye wayar ka duba gidanku. Saurayi ya gama girbi, ya ɗaure 'yan kayansa, ya bar gari na wata huɗu ko biyar, ya yi aiki a inda ya samu, ya kwana a zaure ko rumfar kasuwa, ya dawo kafin ruwan shuka. Mene ne sunan wannan? Cin rani. Mutanen ƙetaren iyaka su ce tafiya biɗa. Wani mai bincike ɗan Ingila, Mansell Prothero, ya yi nazarin ƙidayar da aka yi a ranin 1952 zuwa 1953 ta masu fita daga Lardin Sakkwato, aka samu mutum sama da 250,000 a rani guda, da yawansu a ƙasa suke tafiya. Kafin su kuma ga fataken goro da suka san hanyar Gwanja kamar hanyar rijiyar gidansu. Aikin gona don abinci da ilimi ma ba baƙo ba ne: almajiri a gonar malaminsa fa? Gayya fa, inda ake tara samarin gari a nome gonar mutum ɗaya, ladan ya zama fura da tuwo da kiɗa?

Saboda haka batun ɗaukar jaka a bar gida, ba mu da abin koyo a wurin kowa. Inda muka bambanta da yaron bidiyon shi ne abin da ake fita nema. Ɗan cin rani yana fita ne don ya rage bakin da ke cin hatsin rumbu, ya kuma dawo da 'yan kuɗi. Yana zuwa Legas ko Ibadan ko Fatakwal ya yi acaɓa, dako, ga-ruwa, gadi, wankin takalmi. Sana'o'i ne na halak, ba mai raina su sai wanda bai san yunwa ba. Sai dai in ya dawo, gonar tana nan yadda ya bar ta, shi ma hannunsa bai ƙaru da komai da zai yi mata ba. Shekara goma yana zuwa, shekara goma gero na raguwa.

Shi kuwa yaron bidiyon, in ka cire hoto da kwalliya, abu ɗaya ya yi daidai: ya tafi ne ya koyi aikin hannu a wurin wanda ya iya. Wannan ɓangaren ne ya cancanci kwaikwayo, kuma shi ba ya buƙatar jirgin sama.

Abin da ke bayan iyaka

Ai ka san Maraɗi ba baƙon wuri ba ne ga Bagobiri. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, sarautar Gobir ta koma ta kafu a Tsibiri, kusa da Maraɗi, daga can ne kuma wasu suka dawo suka kafa Sabon Birni. Gulbin Maraɗi ma da kansa yana dawowa Najeriya ne ya haɗe da Rima. Harshe ɗaya, zane ɗaya a fuska, auratayya ba iyaka. Amma mutane ƙalilan ne a cikinmu suka san cewa masana aikin gona daga ƙasashen duniya suna zuwa wannan jiha takanas don su ga wani abu da manomanta suka yi.

A farkon shekarun 1980, gonakin Maraɗi sun zama fili fetal. An sare itatuwa, iska na kwashe ƙasa, yashi na binne shuka har sai manomi ya yi shuka sau biyu ko uku a damina guda. Wani matashi ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya zo aiki da ƙungiyar mishan ta SIM, ya yi ta dashen itatuwa suna mutuwa, ga rana, ga awaki, ga gara. A 1983, wata rana ya tsaya a hanya yana rage iskar tayar motarsa don ya ratsa rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro irin wanda kowa ke ɗauka ciyawa ce. Da ya duba ganyen sai ya gane itace ne, kututture ne da aka sare yake tohowa, saiwarsa na nan da rai a ƙasa. Ashe dajin bai mutu ba, yana ƙarƙashin ƙasa, kowace shekara yana ƙoƙarin fitowa, kowace shekara manomi na sassabe shi ya ƙone.

Dabarar da ta fito daga nan suna kiranta sassabin zamani, kuma sauƙinta har ya yi yawa. Lokacin sassabe, maimakon ka share komai, sai ka zaɓi kututturan da kake so, na sabara ko kalgo ko gawo ko aduwa ko magarya. A kowanne ka bar rassa uku zuwa biyar mafiya ƙarfi da miƙewa, ka datse sauran. Waɗanda ka bari ka rage musu ƙananan rassan gefe zuwa kamar rabin tsawonsu, da wuƙa ko gatari mai kaifi, kana sara daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage. Sai ka riƙa dawowa kana gyarawa. Tun da saiwar ta riga ta yi zurfi, itacen na tashi da saurin da dashe ba zai taɓa yi ba. Ba ka sayi iri ba, ba ka yi ban-ruwa ba.

Kada ka ɗauka mutane sun karɓa da gudu. Dariya aka yi wa waɗanda suka fara, ana ce musu ƙazaman manoma, don a lokacin gona mai tsafta ita ce wadda ba ko tsinke. Sai da yunwar 1984 ta zo, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itace a gona. Da rabon ya ƙare, mafi yawa suka sare nasu. Waɗanda suka bari kuwa suka ga itacen girki a kusa, ga abincin dabbobi, ga iska ta rage ɓarna, ga gero ya fi kyau, musamman a gindin gawo, wanda ke zubar da ganyensa da damina ya bar wa shuka rana, ya kuma ƙara wa ƙasa ƙarfi. Daga nan maƙwabci ya kwaikwayi maƙwabci. Wani abin da ya taimaka shi ne sassaucin doka: da can itace na gwamnati ne, ka sari reshe a gonarka ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara, to wa zai raini abin da ba nasa ba? Da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne, sai lissafi ya canja.

Daga baya masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan da Mahamane Larwanou suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, suka ƙiyasta cewa a jihohin Maraɗi da Damagaram an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. A ƙauyen Ɗan Saga da ke yankin Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa da mata da makiyaya, don sun gane in ba a sa mai dabba a cikin shawara ba, aikin banza ake yi. A 2018 an ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin, tare da Yacouba Sawadogo, wani manomi ɗan Burkina Faso da bai yi boko ba.

Shi Sawadogo da ramuka ya yi suna. A ƙasa mai tauri da ruwa ke gudu a kanta, sai a haƙa ƙananan ramuka tun da rani, faɗin kamar taki ɗaya, a zuba takin dabbobi cikin tafin hannu ko biyu. Gara ta zo cin takin, ta huda ƙasar, ruwan farko ya taru ya nutse, a shuka gero a ciki. A Burkina sunansa zai, a Nijar tassa. Ga labarin da ya fi dacewa da wannan shafi: a 1989 wani shirin raya karkara ya ɗauki manoma 13 daga Illela ta jihar Tawa (ba Illelarmu ta Sakkwato ba) ya kai su Yatenga a Burkina su gani da idonsu. Suka dawo suka gwada, maƙwabta suka gani, har ta kai mutane na sayen fako, ƙasar da a da ko kyauta ba mai so, don su farfaɗo da ita. Mutum 13 ne fa, tafiya ɗaya.

Ba itace da rami kaɗai ake koya a can ba. A cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Maraɗi, masana sun daɗe suna kiwon wani ƙanƙanin ƙwaro dangin zanzaro da ke kashe tsutsar nan mai cin zangarniyar gero. Ana sa shi a ƙananan buhunan algarara tare da abincinsa, a rataye a ƙauye, 'ya'yansa su fito su bazu cikin gonaki su yi aikin da maganin feshi zai yi. A can ne kuma aka yi gwaje-gwaje da yawa na buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda ke kashe ƙwaron wake ta hanyar hana shi iska. Kada ka raina wannan. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin da ke cikin fiya-fiya da aka samu a jikinsa. Turawa sun ƙi ci, mu kuma da shi ake yi mana ƙosai kullum safiya.

In kuma kana son makaranta sosai mai aji da ɗakin kwana, akwai Cibiyar Songhai a Porto-Novo ta Jamhuriyar Benin. Wani limamin Katolika ɗan Najeriya, haifaffen Kano, Godfrey Nzamujo, ya kafa ta a 1985 a kan fili ɗan kaɗan. Tsarinsu shi ne kada a zubar da komai: kashin kaji ya haifar da tsutsar da kifi zai ci, ruwan kifi ya shayar da lambu, ragowar lambu ta koma wa dabbobi, kashin dabbobi ya ba da gas na girki. Matasa daga ƙasashen Afirka da dama suna zuwa horo na gajere ko dogon lokaci. Ana biyan kuɗi, kuma aiki ake yi na gaske tun da asuba, ba wurin ɗaukar hoto ba ne.

"Wace gonar za mu dawo mu gyara?"

Na san wani zai ce: Malam, kana ta zancen sabara da kalgo, mu da gonar ma ba ta shiguwa. Gaskiyarka. Wanda ke Sabon Birni ko Isa ba ya buƙatar a ba shi labarin harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa ƙauyuka kafin a yi shuka ko girbi, ko labarin Bello Turji. Ba a manta da matafiya sama da 20 da aka ƙone cikin mota a Gidan Bawa a Disambar 2021 ba, ba a manta da yadda Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun masu garkuwa a Agustan 2024 ba. Dubban mutanenmu suna gudun hijira a yankin Gidan Rumji tun 2019, wasu an zaunar da su a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakwari. Su ba jakar goyo suka ɗauka ba, 'ya'yansu suka goya. Duk wanda zai yi maganar tafiya don nishaɗi a wannan yanki, ya kamata ya sassauta murya.

Amma duba lissafin ta wata fuska. Da gonakin nesa suka gagara, kowa ya dawo ya matsu a 'yan filayen bakin gari da fadamun Rima da Bunsuru da Gagare. Ƙaramin fili, ana nomansa kowace shekara ba hutu, buhun takin zamani kuma ya fi ƙarfin talaka. Mata ba sa iya shiga daji neman itace ba tare da fargaba ba. A irin wannan hali, wanda ya iya haɗa taki daga juji da toka da kashin dabba, ya iya jiƙa 'ya'yan darbejiya ya fesa wa wake, ya iya rainon itacen girki a cikin gonar da ke kusa da gida, ya fi kowa amfani a unguwa. Ba zai kawo tsaro ba, wannan aikin hukuma ne kuma dole a ci gaba da matsa mata. Tuwo dai ana buƙatarsa yau da dare, kafin tsaron ya zo.

Akwai ma wani abin dubawa: wasu za su ce barin itace a gona maɓoya ce ga ɓarayi. Magana ce da ba za a yi watsi da ita ba, shi ya sa ake datse rassan ƙasa itacen ya tashi tsaye ana hango ƙarƙashinsa, shi ya sa kuma wannan shawara ce ta gari gaba ɗaya, ba ta saurayi ɗaya da ya dawo daga tafiya yana ji da kansa ba.

In ka yanke shawarar tafiya

Kada ka bi ta daji don gajarta hanya, ko da kuwa ka san ƙauyukan. Dajin kan iyakar nan, ta ɓangarenmu da ta ɓangaren Gidan Rumji da Madarumfa, shi ne inda ake ɗaukar mutane. Hanyoyin hukuma su ne ta Illela zuwa Ƙwanni, sannan babban titin da ya bi ta Madawa da Tsibiri ya shiga Maraɗi, ko kuma ta Jibiya. Da rana, cikin motar haya da aka sani. Dokar ECOWAS ta ba ɗan yankin damar zama kwana 90 ba biza, sai dai Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kuma duk da an ce zirga-zirga za ta ci gaba, jami'an kan iyaka sun ƙara tsaurara duba takardu. Ka je ofishin shige da fice ka tambayi abin da ake karɓa a wannan watan, ka riƙe katin rigakafin shawara, ka ɗauki hoton duk takardunka ka tura wa wani a gida.

Masauki kuwa, kai ka fi Bature gata, don shi manhaja ce ke haɗa shi da baƙon da bai taɓa gani ba. Kai akwai ƙanen kakarka a Tsibiri, akwai abokin cinikin babanka a kasuwar Maraɗi. A bi ta hannun manya, a yi maganar a fili: kwana nawa za ka yi, wane aiki, awa nawa, wa zai ciyar da kai, me za a koya maka. In ba a faɗi abin da za a koya maka ba, to ƙwadago ne kawai ba lada, gara ka tafi inda za a biya ka. Kuma kada ka miƙa wa kowa fasfonka ko wayarka da sunan ajiya.

'Yar'uwa, ke ma da ke ake. A Maraɗi mata ne kan gaba a lambunan zogale da sarrafa gyaɗa, kuma ƙungiyoyin adashensu na Mata Masu Dubara, da suka faro a can a 1991, an kwaikwaye su a ƙasashe da dama. Tafiyarki za ta fi ta namiji sharuɗɗa, sai da yardar gida da rakiya da masauki wurin dangi, amma mako biyu a gidan gwaggo kina bin ta lambu ai ba abin da ya gagara ba ne.

Wata 'yar gargaɗi kan kuɗi, don kada a yi maka dariya a tasha: a can da dala ake ƙirga sefa, dala ɗaya sefa biyar ce. In mai shayi ya ce maka ɗari, sefa 500 yake nufi, jikka kuma 1,000.

Ka tafi da littafi da biro, wayar ma ta yi aiki: ɗauki bidiyon hannun manomin yana datse reshe, ka tambaye shi dalilin da ya bar wannan ya cire wancan, da izininsa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da ake sassabe da haƙar tassa da kai taki gona. Wanda ya je a lokacin zai tarar ana aikin, ya sa hannu a ciki, ya kuma dawo gida kafin ruwan shuka ya sauka.